Ɗan Mai Koɗa Dutse

Ɗalhatu direba ne na ƙwarai, ko maƙiyinsa ba zai musa wannan ba. Shekara shida yana jan bas ɗin wata makaranta a Doha, doguwa mai kujera arba'in, bai taɓa goge ko madubin motar wani ba. Ciwonsa ɗaya ne, Allah bai yi shi da iya ganin ana yin abu ba daidai ba ya kau da kai. In ya ga ka ɗaura igiya a karkace, sai ya tsaya ya kwance ya sake ɗaura maka, ko bai san sunanka ba. Abokan ɗakinsa a masaukin ma'aikata da ke bayan Asian Town sun daɗe da sa masa suna Sarkin Gyara, yana kuwa amsawa.

Wannan hali ne ya jawo masa takardar gargaɗi har biyu. Dokar kamfanin motocin a fili take: muddin an fito da yara, direba ba ya barin mota, ko da yaran sun sauka. Ta farko ya same ta ne a Mushairib, ranar da ya diro don ya raba wasu direbobin tasi biyu da ke shirin cin kwalar juna. Ta biyu a West Bay, gab da Babbar Sallah, da ya hango wani bawan Allah ya ɗaure rago ta wuya a bayan a-kori-kura. Ya ceci ragon, shi kuma ya dawo da takarda. Ustaz Mansur, shugaban direbobin, ya ɗaga masa yatsu uku a ofis, ya lanƙwasa biyu, ya bar ɗaya a tsaye.

"Saura wannan, ya Dalhat. In ya lanƙwasu, khalas, an gama. Sai jirgin gida."

Ɗalhatu ya ji tsoro, tsoro na gaske. Yana da mata da yara huɗu a Rano, ga tsohonsa da ido ya soma gazawa, duk wannan kujerar direba ce ke riƙe da su. Tun daga ranar ya ɗaure kansa. In ya ga abin gyara a titi sai ya kama sitiyari da hannu biyu ya shiga istigfari, har abin ya wuce.

A watannin sanyi makarantar kan kai yara yawon buɗe ido kowace Talata, aji bayan aji, zuwa gonar wani attajiri a arewacin birni. Attajirin nan mai son kayan da ne. A wata tafiya ya ga tsohon injin niƙa mai aiki da ruwa a wani ƙauye na kan duwatsu a ƙasar Sham, ya saye shi ɗungurungum, aka kwance shi, aka auno shi a jirgin ruwa, aka sake haɗa shi a tsakiyar dabinai. Sai dai an manta da abu ɗaya a can, wato kogin. Don haka aka haƙa tafki, aka sa famfo mai lantarki yana tura ruwa sama, ruwan ya gangaro ta magudana ya juya wata ƙatuwar taya ta katako, tayar ta juya dutse, ruwan ya koma tafki, famfo ya sake ɗauko shi. Ɗalhatu ya daɗe yana son ya tambayi wani me ya hana a haɗa lantarkin da dutsen kai tsaye a huta, amma ya tuna yatsan Ustaz Mansur ya haɗiye.

Bai taɓa shiga ɗakin niƙan ba. Wurin ajiye motoci yana jikin katangarsa, saboda haka da kunne ya san injin. Yakan kashe mota, ya zuge gilashi, ya jingina yana saurare. Duk makonnin da suka wuce kukan dutsen iri ɗaya ne, luu, luu, santsi kawai, kukan dutsen da ya cinye haƙoransa. Yara su fito da 'yan ledoji na abin da aka ce gari ne, shi kuwa ya leƙa ya ga tsaki. Yakan yi tsaki shi ma, a ciki.

Yana da dalilin sani. Mahaifinsa shi ne Tanko Mai Koɗa, wanda a zamaninsa babu gidan da ke da dutsen niƙa daga Rano har ƙauyukan bayan dutse da bai shiga ba. In dutse ya yi santsi ya daina cin hatsi, shi ake aika wa. Ya zo da makoɗinsa, wani dunƙulen dutse baƙi mai tauri, ya zauna ya yi ta sarar fuskar dutsen niƙan, ƙwas, ƙwas, har ta yi kaushi ta dawo sabuwa. Daga baya injuna suka shigo, mata suka jingine duwatsunsu a bayan ɗaki, aka daina aikowa. Ranar da Ɗalhatu zai tafi Kano koyon mota, tsohon ya miƙa masa makoɗin ya ce ko zai riƙe. Ɗalhatu yana saurayi, baki ba linzami, ya ce, "Baba, me zan yi da sana'ar da ta riga mai ita mutuwa?" Tsohon ya mayar da dutsen ya tokare ƙofa da shi. Shekara ashirin da biyar ke nan, maganar ba ta sake tashi tsakaninsu ba, kuma ba ta daina ci wa Ɗalhatu rai ba.

To, a wannan Talatar 'yan aji huɗu ya ɗauko, su talatin da ɗaya, da malamarsu, da uwa ɗaya mai rakiya. Uwar ita ce Likita Maimunat, likitar haƙori, Bazazzagiya, wadda kullum in ta shigo mota sai ta gaishe shi da Hausa har ta tambayi mutanen gida. Suka isa da hantsi, yara suka sauka a layi suna "Ma'assalama, Ammu Dalhat," shi kuma ya kashe mota ya zuge gilashi.

Can ya ji an saki ruwa, taya ta yi ƙara ta soma juyi. Sai dutse ya yi magana, Ɗalhatu ya miƙe zaune. Ba luu ba ne yau. Ƙarr, ƙarr, da kaushi, da cizo. Tsigar jikinsa ta tashi, don rabonsa da jin wannan kuka tun yana zuwa makarantar allo.

Ya leƙo da kai ya kira mai gadin ƙofa, Mas'udu, wani Bakatsine da suke taɗi ta taga duk mako.

"Mas'udu! An taɓa dutsen nan ne?"

"Kai, Sarkin Gyara, kunnenka kamar na zomo," in ji Mas'udu yana matsowa. "Wani tsoho aka ɗauko daga waje, kwana biyu yana ƙwanƙwasa shi da guduma. Jiya da la'asar aka mayar da shi."

"Madalla. Sun niƙa wani abu bayan nan?"

"Ina! Manaja ya ce kada a zuba ko ƙwaya ɗaya. Wai garin farko na yara ne, karramawa. Yanzu za a kwaɓa a yi musu gurasa a kan kasko, a ɗauki hoto. Har mai kamara an kira."

"Garin farko?"

"Garin farko."

"Za su ci?"

"To, da kallo za su yi? Lafiya, na ga ka canza fuska?"

Hankalin Ɗalhatu ya koma Rano. Muryar tsohonsa yake ji, abin da yakan gaya wa kowace matar gida yana kakkaɓe riga zai tafi: a wanke dutsen, a niƙa dusa ko tafin dawa sau biyu a watsa wa kaji, sai a na uku mutum ya ci. Domin dutsen da aka koɗa yakan zubar da ɓurɓushinsa a garin farko, ido ba ya gani, haƙori ne ke ba da labari. Akwai wata mata a unguwarsu da ta yi gaggawa, mijinta ya rasa turmin haƙori a tuwon rana, aka yi shekara ana ba da labarin.

Ya ce, "Mas'udu, don Allah ruga ka ce kada su ci. Akwai dutse a ciki."

"Ni? In bar geit? Kafil ɗina, ubangidan da ya ɗauko ni aiki, ya fi naka zafi, malam. Kuma in ce musu wa ya ce? Direba ya ji a kunnensa?"

Ɗalhatu ya kira wayar malamar aji, tana ta ƙara a cikin jakarta da ta bari a kujerar gaba. Ba shi da lambar Likita. Ya danna hon sau biyu, tattabaru suka tashi, ba wanda ya leƙo. Ya ɗaga kai ya dubi 'yar kamarar da ke manne a saman gilashi, wadda ke nuna wa ofis kujerarsa. Ya kama sitiyari da hannu biyu ya fara istigfari. Ya ce wa kansa yaran nan iyayensu masu hali ne, ga ma likitar haƙori a tare da su. Ya ce wa kansa wataƙila tsohon da ya yi aikin ya wanke dutsen sosai. Ya lissafo 'ya'yansa huɗu da sunayensu. Ya kai istigfari na goma sha ɗaya, sai iska ta kawo masa ƙamshin gurasa.

Mas'udu ya rantse daga baya cewa bai ga saukarsa ba, ƙurarsa kawai ya gani.

A cikin rumfar da ke gaban ɗakin niƙa yara sun zauna a kan darduma sun yi da'ira. Jami'in wurin, Abdul-Rahaman, wani matashi mai farar jallabiya da digiri a kan kayan tarihi, yana riƙe da babban faranti cike da gurasa mai zafi, ya sunkuya zai miƙa wa yarinya ta farko. Mai kamara ya durƙusa. Sai ga mutum cikin yunifom ɗin direba ya faɗo tsakiya, ya sure farantin, ya ɗaga shi sama da kansa da hannu biyu.

"La! Mamnu'! Fi hajar! Ston, ston insaid!" Wato kada a ci, akwai dutse a ciki.

Yara suka kwashe da dariya, sun ɗauka cikin shirin ne. Malama ta dafe ƙirji. Abdul-Rahaman ya miƙe, fuskarsa ta yi ja, ya shiga zuba Larabci mai gudu wanda Ɗalhatu bai tsinci komai a ciki ba sai "direba" da "'yan sanda". A aljihunsa kuma waya ta fara ruri, bai buƙaci dubawa ba, ya san mai yatsa ne.

Likita Maimunat ce ta taso. "Malam Ɗalhatu, lafiya? Sauke farantin mu ji."

"Likita, ba zan sauke ba sai an saurare ni. Jiya aka koɗa dutsen nan. Wannan garin farko ne, ba a ci. Kaji ake ba."

"An me?"

"Koɗa. An sassare shi don ya yi kaifi. Hajiya, ba ki taɓa ganin dutsen niƙa a gidanku ba?"

"Na gani a gidan kakata, muna zama a kai," ta ce, tana danne dariya. "Ka tabbata da abin da kake faɗa? Ka san me ka jawo wa kanka?"

"Na sani. Aikina ya riga ya tafi, kada ya tafi a banza. A ba ni kofin gilashi da ruwa, da sauran garin."

Ta juya ta fassara. Abdul-Rahaman ya ce an share dutsen da buroshi, an hura masa iska da inji, kuma shi ya karanta littafi uku a kan wannan injin, babu inda aka ambaci kaji. Likita ta ce masa cikin ruwan sanyi, kofi ɗaya ne, in direba ya yi ƙarya ita da kanta za ta ba da haƙuri. Aka kawo.

Ɗalhatu ya miƙa wa Likita farantin kamar mai ba da amana, ya tsuguna. Ya zuba gari a kofi, ya cika da ruwa, ya dama da yatsa. Ya jira kaɗan, ya tsiyaye farin ruwan a hankali, ya ƙara wani, ya jujjuya kofin yadda mata ke rege shinkafa, ya sake tsiyayewa. Yara suka taso suka kewaye shi, kawuna talatin da ɗaya a kan kofi ɗaya. A tsiyaya ta huɗu ruwa ya yi garau, a gindin kofin kuwa ga wani abu toka-toka ya kwanta, ya kai rabin ƙaramin cokali. Ya sa yatsa ya murza shi a jikin gilashin. Ƙiii. Duk rumfar aka ji.

Likita ta gutsuri gurasa ta tauna a hankali da haƙoran gaba, ta tsaya, ta juya baya ta tofar a tishu. Ta dubi Abdul-Rahaman ta ce masa da an ci wannan, da ta samu aikin wata guda ba ta nema ba.

Yaron kirki ne, ashe. Ya karɓi kofin ya daɗe yana kallo, kunya ta kama shi, sannan ya tambayi abin da za a yi. Nan fa Ɗalhatu ya samu fili. Ya sa aka kawo dusa daga wurin awakin gonar, aka niƙa sau biyu, yara suka yi ta rige-rigen watsa wa kaji tare da gurasar farko. A niƙa na uku ya sake gwajin kofi, gindi ya fito fes. Gari ya zubo lallausa, mai ɗumi, aka kwaɓa aka gasa, kowa ya ci har da Mas'udu da aka kai wa nasa geit. Wani yaro ya ce wannan ce fita mafi daɗi tun da ya shiga makaranta. Ɗalhatu ya ci loma ɗaya ya ajiye, don ya duba waya ya ga kira tara.

Ranar Laraba ya je ofis da katin aikinsa a hannu, ya riga ya gaya wa abokan ɗaki wanda zai gaji katifarsa. Ustaz Mansur ya juyo masa da kwamfuta ya nuna masa hoton kujera babu kowa, minti hamsin da biyu.

"Wannan motar wa?"

"Tawa ce, Ustaz."

"Ina direban?"

"Yana ba kaji abinci, Ustaz."

Ustaz Mansur ya rufe ido ya buɗe. Ya ce shugabar makaranta ta kira shi, wata likita ta rubuto wasiƙa shafi biyu, mutanen gona ma sun kira suna tambaya ko za a ba su aron direban duk Talata. Ya ce duk wannan bai dame shi ba, doka doka ce, direba ba ya barin mota sai da izini a rubuce. Ya zaro takarda daga aljihun tebur ya tura masa. Ɗalhatu ya ɗauka. Ya karanta da ƙyar, ya sake karantawa. Izini ne: an yarda direba Dalhat Tanko ya sauka daga mota a gonar niƙa don yi wa ɗalibai bayani. Ya dubi kwanan watan da ke sama, ya ga na ranar Litinin ne, kwana ɗaya kafin ya sauka daga motar. Ya ɗago, ya tarar Ustaz Mansur ya ƙura wa silin ido kamar yau ya fara ganinsa.

"A gona kaɗai," in ji Ustaz Mansur, bai sauke kai ba. "Ba rago, ba tasi. Kuma minti goma, ya Dalhat. Na san bakinka. Yalla, fita."

Talatar da ta biyo, Ɗalhatu ya shiga ɗakin niƙa da ƙafarsa da takardarsa a aljihu, 'yan aji biyar na biye. Ya kwana shida yana shirya jawabin da ya san minti goma ba za su ɗauke shi ba. Amma da ya tsaya gaban duwatsun nan biyu, manya, na sama yana juyi a kan na ƙasa, gari na zubowa ta baki, sai ya ji ba shi ya kamata ya yi magana ba. Ya ce wa Abdul-Rahaman ya ba shi minti ɗaya, ya kira wayar ƙanwarsa a Rano, inda hantsi bai gama ɗagawa ba, ya ce ta kai wa Baba.

Suka gaisa. Ya ce, "Baba, wani dutse nake so ka ji mini." Ya matsa ya kara wayar kusa da inda duwatsun suka haɗu.

Aka ɗan jima. Da ya buɗe lasifika, muryar tsohon ta fito, ba irin ta kwanakin nan mai gajiya ba.

"Wannan ba na hannu ba ne. Babba ne, kewayawa yake yi. An koɗa shi kwanan nan. Mai aikin ya iya, amma bai ƙarasa ba, akwai gefe ɗaya da bai ji makoɗi sosai ba. Saurara, duk zagaye yana yin shiru a wuri ɗaya."

Ɗalhatu ya fassara da guntun Larabcinsa. Abdul-Rahaman ya buɗe baki. Ya ce gaskiya ne, hannun tsohon da aka ɗauko ya kumbura a rana ta biyu, ya ce zai dawo ya ƙarasa ɓangare ɗaya bayan wata guda, kuma ban da shi da manaja ba wanda ya san haka. Ya tambaya wane ne wannan a waya, a wace jami'a yake.

"Abuya," in ji Ɗalhatu. "Babana ne. Sana'arsa ce." Ya faɗa da ƙarfi, ya kuma maimaita da Hausa don na cikin wayar ya ji.

"Ɗalhatu," in ji tsohon, "garin farko fa? Kada su ci."

"Na hana su, Baba. Dusa sau biyu, na ba kaji."



"Ashe kana ji," tsohon ya ce a hankali. "Na ɗauka duk a iska na yi ta faɗa."

Ɗalhatu ya so ya ce wani abu game da makoɗin da ke tokare da ƙofa, da maganar da ya yi shekara ashirin da biyar da suka wuce. Sarkin Gyara, mai bakin da Ustaz Mansur ya yanka wa minti goma, ya tsaya gaban yara talatin ya kasa haɗa kalma biyu, hawaye na sauka a kan yunifom.

"Kada ka kashe," in ji Tanko Mai Koɗa. "Mayar da ni kusa da shi. Shekara talatin ba wanda ya kira ni kan dutse. Bar ni in ƙara ji kaɗan."

Ɗalhatu ya durƙusa ya kara wayar. Minti goma suka cika suka wuce, gari ya yi masa fari a hannun riga, bai janye hannun ba.